ILIMI DA LAFIYA: Mai son ɗansa ya zama likita, ga abin da ya kamata ya sani

A wannan wata zancenmu a kan jarrabawar shiga makarantar likita ne. Iyaye da yawa suna tambaya: yaya ɗan talaka zai yi ya zama likita? Wace jarrabawa a ke yi? Me uba zai yi, shi da bai shiga lakwal ba? Ku karanta a hankali, ku karanta wa wanda bai iya ba. Amsar a taƙaice ita ce wannan: yaro shi kaɗai ke shiga ɗakin jarrabawa, amma gida duka ke shirya shi.

ME YA SA ZANCEN YA SHAFE MU

Kowa ya san wahalar kai mara lafiya asibiti a kan amalanke cikin dare. Kowa ya san dogon layi a ƙofar likita. Dalili shi ne likitoci ba su ishe mu ba. A ƙasarmu Nijar, in an raba jama'a, babban likita ɗaya yana da mutum fiye da 20.000 a wuyansa. Kuma yawancin likitocin suna manyan birane. Ƙauye sai abin da ya samu.

Wa zai yarda ya zauna cikinmu, ya sha ruwan rijiyarmu, ya ji ciwonmu da bakinmu ba tare da tafinta ba? Ɗanmu ne, da ɗiyarmu. Wanda ya tashi a karkara ya san sanƙarau na bazara. Ya san zazzaɓin cizon sauro na damina. Ya san tamowa lokacin da rumbu ya yi ƙasa. In muna son likita a garinmu, sai mu shuka shi da hannunmu.

TSAWON HANYAR

Kada wani ya ruɗe ku, hanyar doguwa ce. Ga ta daki-daki:

1. Makarantar firamare, shekara 6.
2. Kwaleji, shekara 4. A ƙarshe a yi jarrabawar birebe.
3. Lise, shekara 3. A ƙarshe a yi babbar jarrabawa da a ke kira bak.
4. Jami'a, sashen likita, ba ya kasa shekara 7.

In kun tara, shekara 20 ke nan, in yaro bai maimaita aji ba. Wanda ya shiga lakwal yana da shekara 7 zai fito yana wajen shekara 27. Wani zai ce abin ya yi nisa. To, mai dashen dabino ma ba a shekarar ya ke shan ɗiyansa ba, amma jikokinsa suna sa masa albarka.

ƘOFA BIYU

Aikin lafiya yana da ƙofa biyu.

Ƙofa ta farko ita ce ta babban likita, wanda mu ke ce wa dokotoro. Ana karatunsa a jami'a. A Yamai akwai Jami'ar Abdu Mumuni. An kafa ta a 1971, an buɗe makarantar likita cikinta a 1974. Shi Abdu Mumuni haifaffen Tasawa ne, masanin hasken rana, ya rasu a 1991. A da, sai Yamai kaɗai. Yanzu jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi da jami'ar Andire Salifu ta Damagaram su ma suna koyar da likitanci. Ilimi ya matso kusa da mu. Mai son wannan ƙofa sai ya riƙe takardar bak ta reshen kimiyya, wato reshen C ko reshen D.

Ƙofa ta biyu ita ce ta malaman asibiti, da ungozoma, da masu awon jini. Gwamnati tana da makarantar koyon aikin lafiya a Yamai, mai sunan Damure Zika, da wata a Damagaram. Akwai aji na masu birebe, akwai na masu bak. Karatun shekara 3 ne. Ana shiga ta hanyar gasa. Su ne mutanen da mu ke tararwa a gidan likita na ƙauye, su ke karɓar haifuwa, su ke yin allurar rigakafi. Kada kowa ya raina wannan ƙofa.

Ku lura da wuri guda mai muhimmanci. Ana raba hanya tun ranar shiga lise. Akwai aji na adabi, reshen A, akwai aji na kimiyya. Wanda ya bi A ya juya wa makarantar babban likita baya. Ana tura yaro ajin kimiyya ne in makinsa na lissafi da kimiyya sun yi kyau a kwaleji. Saboda haka shirin jarrabawar likita ba a ajin ƙarshe ya ke farawa ba. Tun kwaleji ya ke farawa. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

JARRABAWA DABAN, GASA DABAN

Ga wani abu da ke ruɗa iyaye. Uba ya ce: "Ɗana ya ci bak, me ya sa ba a ɗauke shi ba?" Ku ji bayani.

A jarrabawa, maki a kan 20 a ke ba da shi. Duk wanda ya kai 10 ya ci, ko su dubu nawa ne. Wanda ya kusa kaiwa, a kan ba shi zagaye na biyu ya gyara. Amma ci ma hawa-hawa ne. Daga 10 an tsira kawai. Daga 12 an fara yabo. Daga 14 ya yi kyau. Daga 16 ya yi kyau ƙwarai.

Gasa kuwa ba haka ta ke ba. A gasa, kujeru a ke ƙirgawa. In kujera 50 ce, mutum 50 na gaba za a ɗauka, na 51 ya koma gida ko da ya yi ƙoƙari. Kamar kokowar ƙasa ce da aka fara a Tawa a 1975: ƴan kokowa da yawa, kowa ƙarfaffa, amma takobi ɗaya ne.

Makarantar likita masu nemanta sun fi kujerunta yawa nesa. Don haka ana tankaɗe. Ana duba makin yaro, musamman na darussan kimiyya. Wanda ya tsira da 10 a daddafe, da wuya ya samu wuri. Ku gaya wa yaranku kada su yi shirin tsira kawai. Su yi shirin zama na gaba. Ko bayan an shiga, shekarar farko ta jami'a ita ma rariya ce, mai lalaci ba ya wuce ta.

DARUSSA BA NAUYINSU ƊAYA BA

A kasuwa, tiyar wake da tiyar dussa ba kuɗinsu ɗaya ba. Haka darussa su ke. Kowane darasi akwai yawan da a ke ninka makinsa. Ga misali don a gane. A ce ana ninka wani darasi sau 5, wani kuma sau 2. Yaro ya samu 14 a kowane. Na farko ya ba shi 70, na biyu ya ba shi 28. Kun ga bambanci.

A reshen D, darussa uku su ne masu nauyi: ilimin halittu, lissafi, da fizik da shimi, wato ilimin ƙarfi da motsi da haɗe-haɗen sinadari. A nan ya kamata yaro ya zuba yawancin lokacinsa. Amma kada ya yar da faransanci, don da shi a ke rubuta tambaya, da shi a ke ba da amsa. Wanda bai gane tambaya ba, ko ya san amsa ya ɓata.

Kada ku ɗauka wannan karatu ya yi nisa da rayuwarku. Cikin ilimin halittu ana koyon gado na jini. Makiyayi ya san shi tun kafin lakwal. Ya san abin da ya sa a ke zaɓen bijimin Azawak don nono, ya san yadda a ke tsare jinin jar akuyar Maraɗi. A aji ana koya wa yaro lissafin abin. Misali, ciwon amosanin jini: in uba da uwa duka suna ɗauke da ƙwayarsa a ɓoye, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da ciwon. Irin wannan tambaya ce a ke yi wa yaro. Ku sa shi ya bayyana muku darasinsa da Hausa da dare. In ya iya fahimtar da ku, ya gane. In ya kasa, hadda kawai ya yi, sai ya koma ya sake.

AIKIN UBA DA UWA

Nan ne zancen ya fi nauyi. Ana yin birebe da bak cikin watannin Yuni da Yuli. Kun san wane lokaci ne. Ruwa ya sauka, ana shuka, noman farko ya taso, kowane hannu ana bukatarsa. Makiyayi kuma yana shirin tashi da bisashe zuwa arewa. A daidai nan ne uba ya kan aika a ce wa yaro ya zo gida. Yaro ya ji kunyar ƙin kiran mahaifinsa, ya bar takarda, ya ɗauki hauya. Wahalar shekara 13 ta lalace saboda noman kwana 20.

Malam, ka yi lissafi. Gonar da ta rasa hannu ɗaya bana, baɗi tana nan. Amma yaron da ya faɗi ya rasa shekara guda cur, wani ma daga nan zuciyarsa ta mutu. Ga abin da mu ke roƙon iyaye:

1. Daga watan Afrilu har a gama jarrabawa, ku ɗauke wa yaro aikin gona da kiwo. Ku kira gayya. Ƙannensa da ƴan'uwa su rufe gurbinsa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

2. Ku tanadi hatsinsa tun kaka. Yawancin yaranmu a gidan wani su ke zaune a birni. Ku aika wa mai masauki da gero da wake a kan lokaci. Yaron da ke jin yunwa, ko ya ke jin ya zama kaya a gidan mutane, karatu ba ya zama a kansa.

3. Ku je da ƙafarku ku ga inda ya ke kwana, ku gaisa da mai masauki, ku gaisa da mushensa. Ku nemi takardar maki, a karanta muku. Zuwa da kai ya fi saƙo.

4. Ku saya masa fitila mai aiki da hasken rana, da gidan sauro. Kuɗin akuya ɗaya ya isa, har da saura. Zazzaɓi a makon jarrabawa ya kayar da yara masu ƙoƙari da yawa.

5. Ku ware kuɗin rajista tun da wuri. Kada ku jira sai ranar rufewa ku kai dabba kasuwa, a saye ta da arha.

6. Labarin da zai tayar masa da hankali, in ba dole ba, ku ajiye sai bayan jarrabawa.

ZANCEN TAKARDU

Akwai yaron da ya san karatu sarai, amma takarda ta hana shi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun farkon shekarar karatu, wajen watan Oktoba, ku tabbata akwai waɗannan:

Takardar haifuwa. Wanda ba a yi masa ba tun yana jariri, sai a je wurin alƙali da shaidu a yi masa madadinta.

Takardar shaidar zama ɗan ƙasa. Ita ma a gidan shari'a a ke yin ta, kuma sai da takardar haifuwa.

Katin shaida mai hoto. Da shi a ke shiga ɗakin jarrabawa.

Takardun maki da na cin jarrabawar baya. A sa su cikin leda, a ɓoye inda gara da ruwa ba sa kaiwa.

Ku duba da kyau: sunan yaro, da sunan ubansa, da ranar haifuwarsa su zama iri ɗaya a kowace takarda. In an rubuta Usmanu a nan, an rubuta Usman a can, abin yana iya jawo wahala. A gyara tun da sauran lokaci. Ku sani kuma gasar gwamnati tana da iyakar shekaru. Shi ya sa sa yaro lakwal da wuri ya ke da amfani. Hukuma ta kan ba da sanarwar ranar gasa da sharuɗɗanta. Ku kasa kunne ga rediyo, yaro kuma ya riƙa duba allon makaranta. Wanda ya ci bak ya kai takardunsa ga hukumar ba da tallafin karatu, wadda a ke kira ANAB, ya nemi taimakon gwamnati.

GARE KA ƊANA, GARE KI ƊIYATA

Yanzu da ku mu ke, ku masu jarrabawa.

Ku raba ranarku. Da sanyin safiya a ke kama fara. Bayan sallar asuba kai yana sake, lokacin darasi mai wuya ke nan. Watannin Afrilu da Mayu zafi ya yi yawa, da rana tsaka ku huta, da la'asar ku koma.

Lissafi da fizik ba a koyonsu da kallo. Da alli da allo a ke koyonsu. Ku nemi tambayoyin shekarun baya. Ku zauna ku amsa su da agogo a gabanku, littafi a rufe, kamar ranar ce ta zo. Sa'an nan ku kai wa mushe ya gyara. Inda kuka yi kure, nan ne darasinku na gobe.

Ku haɗa ƙungiya ta mutum uku ko huɗu, kada ta wuce haka. Kowa ya tashi a allo ya koya wa sauran. In ƙungiya ta zama majalisar shayi da wasan salula, ku fita daga cikinta.

Kada ku tsallake wani babi da cewa ba zai fito ba. Ba wanda ya sani sai masu rubuta tambayar.

Ku yi barci. Ƙwaƙwalwa cikin barci ta ke ajiye abin da ta koya da rana. Wanda ya kwana ido biyu, da safe kansa kamar kwando ne, an zuba ruwa ya tsiyaye. Ku nisanci taramol da duk ƙwayoyin da a ke cewa suna hana gajiya. Suna kama mutum ya kasa bari, suna jawo farfaɗiya, suna kisa. Mai son ya warkar da mutane ba ya fara da lalata kansa.

Ranar jarrabawa ku karya kumallo da abin da kuka saba. Ku isa da wuri, da katinku da takardar kira da biro biyu. Ku karanta tambaya sau biyu kafin ku sa hannu. Ku fara da wadda kuka fi sani. Ku rubuta a fili, don mai gyara yana da takardu da yawa a gabansa. Ku bar minti goma na ƙarshe don dubawa.

ƊIYA MACE

Iyaye, ku tuna da matanku. Mata nawa ke ɓoye ciwo don kunyar namiji ya duba su? Nawa suka makara a gida da naƙuda har abin ya ɓaci? In muna son mace ta duba matanmu, sai mun bar ɗiya mace ta yi karatu. Ba daga sama likita mace za ta faɗo ba.

Yarinyar da ke shirin jarrabawa a rage mata daka, da ɗebo ruwa, da talla. Ita ma lokaci ta ke bukata kamar ɗan'uwanta. In mai neman aure ya zo, a ce ya dakata. Mai sonta da gaskiya zai jira. A 2017 gwamnati ta fitar da doka ta kare yarinyar da ke cikin karatu. Ke uwa, maganarki tana da nauyi a nan. Ki tsaya mata.

HATTARA DA ƳAN DAMFARA

Duk shekara, in jarrabawa ta matso, su kan fito. Wani ya ce yana da tambayoyin bana a salularsa. Wani ya ce ya san babban mutum, a kawo sa ko raƙumi a sa sunan yaro. Kada ku ba da ko dala. Yawancinsu takardar banza su ke sayarwa. Wanda aka kama da satar amsa ko da salula a ɗakin jarrabawa, a kan kore shi, a hana shi jarrabawa, har ya kan kai ga gidan kaso. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Ku tambayi kanku kuma: wanda ya sayi takarda, ran da matarka ko ɗanka ke kwance a gabansa, wa zai saya masa sanin da zai cece su?

Akwai makarantun lafiya masu zaman kansu da yawa a birane. Kafin ku biya kuɗi, ku je ofishin lafiya na jaha ku tambaya ko hukuma ta yarda da makarantar, ko ta yarda da takardarta.

IN BA A DACE BA

Ba kowa zai samu ba, wannan gaskiya ce. In yaro ya faɗi, kada a zage shi a gaban jama'a. A zauna da shi da mushensa, a duba darasin da ya kayar da shi, ya sake shiri. Ɗan kokowa ya kan sha ƙasa bana ya ɗauki takobi baɗi. In ƙofar babban likita ba ta buɗe ba, akwai ta malamin asibiti, akwai ta ungozoma, akwai ta likitan dabbobi da malamin gona. Duka ƙasa tana bukatarsu, mu ma muna bukatarsu.

Wanda kuma Allah ya ba shi, ya tuna da geron da aka hana baki aka aika masa. Ya tuna da ƙanensa da ya riƙe hauya a madadinsa. In an tura shi ƙauye aiki, kada ya nemi hanyar gudu.

Mai gari, liman, shugaban ƙungiyar manoma, shugabar mata: ku ƙirga yaran garinku da ke kwaleji da lise. Ku san sunan kowane. Ku san wanda zai yi jarrabawa bana, ku shirya gayyar gonar ubansa tun kafin ruwa ya sauka.

Allah ya ba yaranmu sa'a. Allah ya ba mu damina mai albarka, da lafiya, da zama lafiya. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.